Abin da Yaro Ya Gani ta Kafar Ƙofa: Fim ɗin Road to Perdition

A farkon fim ɗin Road to Perdition, uwa ta aiki babban ɗanta Michael, ɗan shekara 12, ya kirawo mahaifinsa a ci abincin dare. Yaron ya hau bene, ya shiga wani dogon lungu mai duhu, sai ya ja ya tsaya tun bai kai ɗakin ba. Ƙofar a buɗe take rabi. A ciki uban yana zazzage aljihunsa a kan gado, ya ajiye ƙananan tarkace da carbin 'yan Katolika, daga ƙarshe ya ciro bindiga ya ajiye kusa da su. Daga inda yaron yake tsaye muke kallo, saboda haka uban ya zama ɗan ƙarami a can ƙuryar hoton, bango da ƙyaure sun tare rabinsa, fuskarsa ma ba ta fito sosai ba. Yaron ya ce abinci ya sauka, uban ya yi godiya a taƙaice, shi ke nan. Duk wanda ya lura da tazarar da ke tsakanin kyamara da wannan mutumi a nan, ya ci gaba da auna ta har ƙarshe, to ya kama bakin zaren fim ɗin.

Fim ɗin ya fito a watan Yulin 2002, tsawonsa minti 117. Wanda ya ba da umarni shi ne Sam Mendes, ɗan Ingila da ya taso a harkar wasan daɓe, kuma wannan ne fim ɗinsa na biyu. David Self ne ya tsara rubutun daga wani littafin labari mai zane-zane da Max Allan Collins ya rubuta, Richard Piers Rayner ya zana, aka buga a 1998. An kashe masa kimanin dala miliyan 80, ya mayar da sama da miliyan 180. Zan faɗi yadda ya ƙare, don ba a iya bayyana ginin fim ɗin ba tare da ƙarshensa ba. Wanda bai gani ba kuma yake son ya sha mamaki, ya je ya kalla tukuna.

Labarin yana faruwa ne a hunturun 1931 a jihar Illinois ta Amurka. A lokacin dokar hana sayar da barasa, wadda ta fara aiki a 1920 aka soke ta a 1933, ta mayar da fataucin barasa hannun gungun 'yan ta'adda, ga kuma karayar tattalin arziki da ta soma a 1929 ta zubar da ma'aikata a titi. Al Capone ne ke riƙe da Shikago, sai a watan Oktoban wannan shekarar aka yanke masa ɗaurin shekara 11 kan ƙin biyan haraji. A garin Rock Island da ke gaɓar kogin Misisifi an yi wani uban daba na gaske mai suna John Looney, lauya ne kuma mai jarida, an harbe ɗansa Connor a 1922. Daga Looney aka samo John Rooney na fim, amma an matsar da shekarun, an sake labarin, don haka kada a ɗauki fim ɗin a matsayin tarihi.

Uba biyu ne a fim ɗin. John Rooney, wanda Paul Newman ya fito a matsayinsa yana da shekara 76, dattijo ne ɗan asalin Ailan da garin ke hannunsa. Yana da ɗa na cikinsa, Connor, ragon namiji mai hassada da saurin hannu, Daniel Craig ne ya hau wannan matsayi shekara huɗu kafin ya zama James Bond. Yana kuma da ɗan riƙo, Michael Sullivan, maraya ne da ya raina ya ba shi gida da sana'a, sana'ar kuwa ita ce kisa. Tom Hanks ke nan. Shi ma Sullivan yana da 'ya'ya biyu, Michael da ƙanensa Peter, da matarsa Annie. Sullivan shi ne mahaɗin, ɗa ne a sama, uba ne a ƙasa, kuma duk abin da zai yi don ya ceci ɗansa sai ya bi ta kan mutumin da ya raine shi.

Dubi yadda aka shimfiɗa wannan ba tare da an yi bayani ba. Ana zaman makoki a gidan Rooney, an zagaye akwatin gawa da ƙanƙara don kada gawar ta ɓaci, ƙanƙarar tana narkewa tana ɗiga. Can cikin dare Rooney ya zauna gaban fiyano ya soma taɓa wani ɗan sauti mai sanyi. Sullivan ya zo ya zauna gefensa ya ɗauki ɗaya ɓangaren, suka haɗa kiɗan su biyu, ba wanda ya ce uffan. Ɗaki ya yi tsit. Sai aka yanko Connor a tsaye a gefe yana murmushi, murmushin da bai kai ido ba. A wannan ɗan lokaci mai kallo ya san wanda tsohon yake ƙauna, ya san wanda ya haifa, ya san kuma cewa wanda aka haifa ɗin ya sani. Marubucin da bai ƙware ba zai ba Connor doguwar magana ya zayyana ƙorafinsa, sai fitowar ta mutu, domin hassadar da aka furta ta rage tsoratarwa.

Michael yana so ya san aikin babansa. Wata rana da dare ya ɓuya a ƙarƙashin kujerar bayan mota, aka tafi da shi ba a sani ba zuwa wani sito, inda Sullivan da Connor za su yi magana da Finn McGovern, ɗan'uwan mamacin da aka yi wa makoki. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yaron ya kwanta a ƙasa yana leƙe ta wata kafa a ƙofa, mu ma aka kulle mu a wannan kafar. Ba mu ganin ɗakin gaba ɗaya. Muna ganin Finn, muna ganin ƙafafu da gefen dogayen riguna. Connor ya harbe Finn a ka ba zato ba tsammani, Sullivan kuma ya buɗe wa yaran Finn wuta da bindigar Thompson, abin da ya fi fitowa a hoton shi ne kwanson harsashi yana zuba kusa da takalmin uban. Wato yaron bai ga fuskar mahaifinsa yana kisa ba, takalminsa ya gani, takalmin da ya sani a gida. Wannan ya fi ciwo. Ƙa'idar da Mendes ya bi ke nan kusan a kowane kisa na fim ɗin: kafin a nuna mutuwa, sai an tantance wane ne yake kallo, daga ina, da me ya tare shi.

Daga nan komai ya lalace da sauri. Connor bai yarda yaro zai riƙe sirri ba. Ya ba Sullivan wasiƙa a rufe ya kai wa wani mai gidan barasa da ake bin sa bashi, ashe a ciki an rubuta cewa in ya kashe mai kawo wasiƙar an yafe masa bashin. Sullivan ya riga shi kai hannu ga bindigar da ke kan tebur, ya tsira. A daidai lokacin Connor ya shiga gidansa ya tarar da Annie tana yi wa Peter wanka, ya kashe su duka biyu, yana zaton Peter ne yaron da ya gani. Michael ya tsira ne don an tsare shi a makaranta saboda faɗa. Yana isowa a kan keke ya ga walƙiyar harbi ta tagar bene. Sai fitowar da nake ganin ba ta da na biyu a wannan ɓangaren: Connor ya sauko ya tsaya a bayan ƙofar gilashi, Michael yana waje a tsaye, fuska da fuska. Mai kallo ya riƙe numfashi. Amma ciki akwai fitila, waje duhu, don haka gilashin ya zama madubi ga na ciki. Kansa Connor yake kallo, bai ga yaron ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban taga da dare ya san haka gilashi yake yi, kuma wannan sanin ne ya sa fitowar ta zauna daram, ba a buƙaci sa'a ko dabo ba. Ta kuma faɗi halin Connor kaf.

Da Rooney ya ji abin da ɗansa ya aikata, ya hau shi da duka yana tsine wa ranar da aka haife shi, hannunsa na tsufa yana sauka a kafaɗar ƙaton mutum. Can sai dukan ya koma runguma. Newman bai sauya murya don ya nuna mana ya sauko ba, hannun ne kawai ya gaji ya riƙe. Hausawa suna cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma a kan wannan Rooney ya tsaya har ya mutu. Ya san Connor maƙaryaci ne, ya san ɓarawo ne, ya san ya fi ƙaunar Sullivan, amma jini jini ne. Abin da ya sa nake ganin wannan matsayi yana cikin mafi kyawun da Newman ya yi shi ne bai taɓa sa mu raina tsohon ba. Kuskurensa kuskuren uba ne da ya saba share wa ɗansa hanya duk ɓarnar da ya yi, sai ɓarnar ta yi girman da ba ta sharuwa.

Sullivan ya ɗauki ɗansa suka gudu Shikago, ya nemi Frank Nitti, na hannun daman Capone, ya ba shi aiki ya kuma bar shi ya kashe Connor. Stanley Tucci ne Nitti, yana magana a tsanake kamar manajan banki. Ya ƙi, domin ciniki ya fi ƙarfin makokin mutum ɗaya. Rooney yana ɗakin da ke kusa yana ji. Da ƙyar ya amince a kashe Sullivan, amma ya ce kada a taɓa yaron. An ɗauki fitowar Capone kansa, aka cire ta wajen tacewa, kuma cirewar ta yi daidai: sunansa da ake ambata ba a ganinsa ya fi nauyi.

Wanda aka ɗauka haya shi ne Harlen Maguire, mai ɗaukar hoton gawarwaki yana sayarwa, kuma mai kisa. Babu shi a littafin, David Self ne ya ƙirƙiro shi. Jude Law ya bari aka rage masa gashi aka ɓata masa haƙora, yana tafiya a ɗan duƙe. Haɗuwarsu ta farko a wani ɗan gidan abinci na bakin hanya darasi ce ga mai son koyon gina tsoro da ƙananan kaya. Mutum biyu ne a tebur daban-daban suna fuskantar juna, suna hirar banza kan kyamara. Maguire ya faɗi sana'arsa yana murmushi. Sullivan bai sake fuska ba, sai ɗigon gumi guda da ya gangaro masa a gefen kai. Ya ɗauke wuƙar cin abinci a ɓoye, ya ce zai zaga, ya fice ta baya, ya fasa tayar motar Maguire. Ba a yi harbi ba sai da motarsu ta riga ta hau titi.

Tsakiyar fim ɗin tafiya ce ta mako shida. Sullivan ya yanke shawarar bin bankunan da ke ajiye kuɗin Capone na haram yana kwashewa, ba ya taɓa kuɗin talakawa, don a matsa wa Nitti ya miƙa Connor. Yana buƙatar direba, sai ya koya wa ɗan shekara 12 tuƙi a hanyar ƙauye, yana nuna masa kuloci da sauya giya, motar tana zabura tana mutuwa. A wani wurin cin abinci yaron ya nemi kasonsa, uban ya tambaye shi nawa, ya ce dala 200, uban ya amince nan take, sai yaron ya shiga tunanin ko ya yi arha. A nan ne ya kamata mai kallo ya koma ga tazarar nan ta farko. Kyamarar da ta tsaya a ƙarshen lungu yanzu tana cikin mota, su biyun suna cikin hoto ɗaya kafaɗa da kafaɗa. Hular da bakinta ke rufe idon Hanks a farkon fim tana yawan sauka. An daina ɗaukarsa daga ƙasa kamar yadda yaro ke ɗaga kai ya kalli babba, an dawo daidai ido. Ba a yi wannan sauyi a fitowa ɗaya ba, a hankali aka yi ta matsowa, shi ya sa mutum ke jin sun shaƙu ba tare da ya san lokacin da abin ya faru ba.

An kafa musu tarko a wani otal da akantan Rooney, Alexander Rance. Michael yana mota ya hango Maguire yana tsallako titi, ya danna oda iya ƙarfinsa, amma a ɗakin akwai na'urar da ke buga farashin hannun jari a siririyar takarda, ƙararta ta danne odar. Aka yi musayar wuta, Rance ya mutu, gilashi ya fashe a fuskar Maguire, harsashi ya sami Sullivan a hannu. Yaron ne ya tuƙa shi zuwa gonar wasu tsofaffin mata da miji da ba su da ɗa, suka yi jinyarsa.

A wannan gona ne aka yi hirar da fim ɗin ya yi ta tanadi dominta. Dare ne, fitila ɗaya, uban yana duba littattafan lissafin da ya ƙwato daga ɗakin Rance. Ya tambayi ɗansa darasin da ya fi so a makaranta, tambayar da ta tona cewa bai sani ba. Sai yaron ya tambaye shi ko ya fi son Peter. Hanks ya ɗan yi shiru, ya ce a'a, sannan ya lalubo dalilin da ƙyar: Peter yaro ne mai sanyin hali, shi kuwa Michael ya fi kama da shi, kuma ba ya so ya zama irinsa. Bahaushe ya san nisan uba da ɗan fari, amma namu nisan kunya ce da kowa ya san sunanta, kakanni da baffanni suna cike gurbin, yaron kuma yana tasowa da sanin ba ƙiyayya ba ce. Michael ba shi da wanda zai fassara masa shirun babansa, don haka ya fassara shi da rashin so. Ana cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. Sullivan mutum ne da babban tsoronsa a duniya shi ne a gaje shi, kuma hanyar da ya sani ta hana hakan ita ce ja da baya, wadda ta kusa jawo abin da yake gudu, tunda nisan ne ya sa yaron ya ɓuya a mota. Bayan hirar yaron ya rungume shi, hannun uban ya yi jinkiri kafin ya sauka a bayansa. Tyler Hoechlin, wanda aka zaɓa cikin yara sama da 2,000 ya fito a matsayin Michael, bai yi kukan fim a nan ba, kuma hakan ya taimaki fitowar ƙwarai.

Littattafan lissafin sun nuna Connor ya daɗe yana satar kuɗin mahaifinsa da sunayen matattu. Sullivan ya kai wa Rooney hujjar a coci, suka sauka ɗakin ƙasa. Yana zaton in tsohon ya gani zai saki ɗansa. Ashe ya sani tuntuni. Rooney ya tuna masa cewa su duka masu kisa ne, kuma ba ɗayansu da zai ga rahama. Sullivan ya ce Michael zai iya samu. Tsohon ya ce to ya yi duk abin da zai yi don hakan ta tabbata, ya ɗauki yaron ya tafi. Kowannensu yana da gaskiya a kan ɗan'uwansa, kowannensu kuma ba zai iya sakin ɗansa ba. Daga nan babu sauran magana.

Fitowar ruwan sama ita ce aka fi sanin fim ɗin da ita, kuma ta cancanci a warware yadda aka haɗa ta. Rooney ya fito da dare da masu tsaronsa riƙe da lema, suka tarar direban ya mutu a kan sitiyari. Daga ƙarshen titi, cikin duhu, wuta ta soma walƙiya. An cire ƙarar bindiga gaba ɗaya, an cire ihu, an bar kiɗan Thomas Newman kawai. Mutanen suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya a hankali, Rooney kuwa ya ba da baya, hannunsa a jikin mota, kansa a sunkuye, bai waiwaya ba don ya san wane ne. Sullivan ya fito daga duhu ya tako har gabansa. Tsohon ya juyo ya ce ya ji daɗi da ya kasance shi ne. Sai a lokacin aka dawo da sauti, ƙarar bindigar ta fashe da dukkan ƙarfinta, kyamara kuma tana kan fuskar Hanks, ba a kan gawar ba. Dalilin wannan tsari a bayyane yake. Mutuwar masu tsaro ba ta da nauyi a zuciyar Sullivan, sai aka yi ta shiru. Harbi ɗaya ne yake ji, shi aka ba mu mu ji. Da an bar ƙara tun farko, kunne zai saba, harbin ƙarshe ya zama ɗaya daga cikin da yawa. Da ya ɗaga kai, sai ga mutane a tagogi suna kallonsa, ko a nan ma an ajiye masu shaida.

Ruwan kansa aiki ne. Ruwan sama ba ya fitowa a kyamara in an haska shi daga gaba, sai an sa fitila a bayansa ko a gefensa sannan kowane ɗigo ya kama haske. Shi ya sa mutanen suka zama baƙaƙen inuwoyi, ruwan ya zama farin labule. Mai ɗaukar hoton, Conrad L. Hall, ya yi aiki da ƙaramin haske, yana buɗe idon kyamara sosai, abin da ke sa wuri ɗaya tak ya fito tar sauran su dushe. Wannan hanya tana da haɗari, domin in ɗan wasa ya gusa kaɗan daga inda aka auna, fuskarsa ta dushe, sai an sake ɗauka. A fitowar rana a waje yakan tare hasken da baƙin yadi don ya kashe kaifinsa. Launukan ma an taƙaita su, toka-toka da ruwan ƙasa da kore mai duhu, saboda jini in ya fito ya yi ja sosai. Shi da Mendes sun ɗauki darasi daga zanen Edward Hopper, mai zana mutane su kaɗai a ɗaki da haske daga gefe guda. Ruwa kuma yana biye da kowace mutuwa: ƙanƙarar makoki, ruwan sito, banɗakin Annie, titin Rooney, bahon wankan da Sullivan ya tarar da Connor a ciki bayan Nitti ya janye masa kariya. A wannan ma ba a nuna harbin kai tsaye ba, sai da ƙofar mai madubi ta juyo da kanta muka ga gawar a ciki.

An zaɓi fim ɗin a rukuni shida na kyautar Oscar, ya ci ɗaya, ta ɗaukar hoto. Hall ya rasu ranar 4 ga Janairun 2003 yana da shekara 76, kafin bikin, ɗansa Conrad W. Hall ne ya hau ya karɓa. Ita ce Oscar ta uku da uban ya ci. Cikin furodusoshin ma akwai uba da ɗa, Richard da Dean Zanuck.

Ƙarshen yana gidan 'yar'uwar Annie a bakin tafkin Mishigan, a wani gari da aka kira Perdition, wato halaka. Bayan kusan awa biyu na duhu, ɗakin fari ne fat. Sullivan yana tsaye a taga, gilashin ya haɗa fuskarsa da tafkin da ɗansa yana wasa da kare a bakin ruwa, duk a hoto ɗaya. Maguire ya harbe shi ta baya, ya kafa kyamararsa zai ɗauki mutuwarsa. Michael ya shigo da bindiga ya auna shi. Duk nauyin fim ɗin yana kan yatsan yaron nan. Bai iya harbawa ba, uban ne daga kwance ya harbe Maguire. Yaron ya ce ya kasa, uban ya ce ya sani, kuma a fuskarsa sauƙi ne ya bayyana. A littafin yaron ya yi kisa, daga baya ya zama limamin coci. Fim ɗin ya sauya wannan, kuma ina ganin sauyin ne ya ba shi ƙashin baya, domin in yaron ya harba, duk abin da Sullivan ya yi ya tashi a banza.

Akwai inda fim ɗin ya yi rauni, kuma son da nake masa ba zai sa in ɓoye ba. Muryar Michael da ke buɗe labarin ta riga ta sanar da mu ya rayu, sai tsoron da ake ji dominsa ya ragu. Annie, wadda Jennifer Jason Leigh ta fito a matsayinta, ba a ba ta abin yi ba kafin a kashe ta, don haka muna makokinta ne saboda an ce mu yi, ba don mun san ta ba. Jerin fashin bankuna ya ɗauki kiɗa mai raha da ya ɗan yi hannun riga da mutanen da suka binne iyalinsu kwanan nan. Sullivan ya san tun a gidan abinci cewa Maguire ya gano inda suka nufa, ya kuma san ya ɓata masa fuska, amma ya shiga gidan tafkin ba tare da ya duba ɗakuna ba. Mutum mai irin taka-tsantsan ɗinsa ba zai yi haka ba, labarin ne yake so ya mutu. Sannan akwai matsalar Hanks kansa. Ya yi ƙoƙari matuƙa, ya rage magana, ya daure fuska, amma mai kallo ya shigo da amincewar da ya saba yi masa, sai mugun aikin Sullivan ya zo da sauƙin yafewa. Wuri ɗaya ne fim ɗin ya hana mu wannan sauƙin, inda ya harbe ɗan aiken da ya kawo masa kuɗin Rooney da tayin ya koma Ailan, mutumin da bai ɗaga masa makami ba. Da an ƙara irin wannan sau ɗaya ko biyu, tsoron da yake yi wa ɗansa zai fi kama jiki.

Ga mai niyyar kallo, yadda aka kalle shi yana da tasiri fiye da yawancin finafinai. Kwafin da aka matse don ya yi ƙaramin nauyi a waya yana lalata wurare masu duhu kafin komai, baƙin ya dunƙule ya zama tabo-tabo, kuma fiye da rabin wannan fim a duhu yake. A nemi kwafi mai kyau, a kashe fitilar ɗaki, kada a ƙure hasken allo don a ga abin da aka ɓoye da gangan. Hoton mai faɗi ne, da baƙin layi sama da ƙasa. In aka ja shi ya cika allo, za a yanke gefuna, a fitowar fiyano da ta taga kuwa gefunan ne ke ɗauke da ma'ana. A sa abin ji na kunne ko lasifika mai kyau saboda fitowar ruwa. In kuma wani zai fassara shi da Hausa, ya bar wuraren shiru yadda suke, kada ya cika su da bayani ko barkwanci, domin minti biyu na surutu a kan titin Rooney ya isa ya rushe abin da aka gina tun daga farko. Akwai jini da zagi a ciki, ba na ƙananan yara ba ne.